Tambaya da Amsa: Fasahar Haɗa Hannu, Wutar Lantarki da Sauyin Yanayi

Wasiƙun wannan wata sun karkata ga abu guda, wato irin fasahar nan da ba a rataye ta a bango a tsaya kallo, wadda jama'a ke shiga cikinta da hannu da ƙafa, musamman idan zancen wuta da ambaliya da zafin rana take yi. Mun miƙa su ga mutum uku, malamin zane da sassaƙa, da injiniyan lantarki mai harkar sola, da ma'aikaciyar raya karkara, suka haɗa kai suka amsa.

TAMBAYA: Malaminmu ya ce a aikin kammala karatu muna iya yin abin da jama'a za su sa hannu a ciki kan sauyin yanayi. To ina bambancinsa da gangamin wayar da kai da ƙungiyoyi ke yi da riguna da kwalaye? Daga wata ɗalibar zane, Samaru, Zariya.

AMSA: Malama, a gangami an riga an rubuta saƙon, jama'a ɗauka kawai suke yi. A wannan fasaha kuwa, da mutane za su janye hannunsu, aikin kansa babu shi, kuma abin da suka yi yana sauya kamanninsa a idon kowa.

Dubi abin da Joseph Beuys ya yi a birnin Kassel na Jamus a 1982. Ya jibge dogayen baƙaƙen duwatsu 7,000 a dandalin da ke gaban gidan baje kolin garin, ya ce ba a ɗauke dutse ko ɗaya sai an dasa itace an kafa dutsen a gefensa. Mai son ya ɗauki nauyin itace guda yana biyan mak 500, kuɗin Jamus na lokacin. Tulin da ya tsaya wa mutanen gari a rai ya riƙa raguwa, tituna suna samun inuwa. Beuys ya rasu a 1986, ɗansa ne ya dasa itacen ƙarshe a 1987. Tulin nan shi ne ma'auni: kowa ya wuce ya san aikin da ya rage.

Na biyu ya fi kusa da zancen wuta. A watan Fabrairun 2008 Helen Evans da Heiko Hansen sun haska koren haske a jikin tururin da ke tashi daga tashar lantarki ta Salmisaari a Helsinki, babban birnin ƙasar Finlan. Sun haɗa hasken da alƙaluman wutar da unguwar ke sha, idan mazauna suka kashe kayan wuta sai koren girgijen ya ƙara faɗi. Mutum ya kashe fitilar ɗakinsa, ya leƙa ta taga, ya ga sama ta amsa masa.

Kafin ki zaɓi naki, ki tambayi kanki me mutum zai yi da jikinsa, da me zai gani ya sauya saboda abin da ya yi. Sai tambayar da ta fi kayar da ɗalibai: wa zai ci gaba da kula da abin bayan an ba ki maki? Idan dashe za ki yi, Agnes Denes ta nuna hanya a Ylöjärvi ta ƙasar Finlan, inda aka dasa itatuwa 11,000 aka kuma ba masu dashen takardar riƙon amana da ake gadonta, da alkawarin kiyaye wurin shekara 400. A nan gida ba dashen ne wahala ba, rani na farko da bakin akuya su ne. Kada ki dasa fiye da adadin mutanen da suka yarda da bakinsu za su yi shinge su kuma yi ban ruwa daga Nuwamba zuwa saukar damina. Darbejiya 20 masu rai sun fi 500 da aka ɗauki hotonsu aka watse.

TAMBAYA: Na ga hoton wani Bature da ya ɗauko ƙanƙara daga ƙarshen duniya ya ajiye a tsakiyar birni wai don a ga tana narkewa. Wannan ba almubazzaranci ba ne? Man da aka ƙona wajen ɗauko ta ai shi ma ɗumama duniyar yake yi. Daga wani magidanci, Damagaram.

AMSA: Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma masu aikin ma sun san za a yi ta. Aikin shi ne Ice Watch, na Olafur Eliasson da masanin duwatsu Minik Rosing. An yi shi a Kopenhagen a 2014, da Paris a 2015 lokacin taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, da Landan a 2018. Ba fasa dutsen ƙanƙara aka yi ba, gutattakin da suka riga suka ɓalle suna yawo a ruwa kusa da Nuuk ta Girinlan aka tsamo, aka zuba a kwantena masu sanyi. A Paris an jera guda 12 a da'ira kamar fuskar agogo. Mutane suna taɓawa, wasu suna kara kunne su ji ƙas-ƙas ɗin kumfar iskar da ta daɗe a kulle tana fashewa. Gani ya kori ji, wannan ba a musa shi.

Abin da muke yaba musu shi ne sun sa ƙungiyar Julie's Bicycle ta yi lissafin hayaƙin, aka kuma fitar da shi: kimanin tan 30 na iskar kabon a na Paris. Idan an juya shi zuwa fetur, ya kai wajen lita 13,000. A ganinmu raunin aikin yana wani wuri: mai kallo ya taɓa, ransa ya sosu, ya koma gida babu abin da aka ɗora masa ya yi. Kuma manomin da shukarsa ta ƙone sau biyu a damina ɗaya ba ya bukatar a kawo masa ƙanƙara kafin ya yarda yanayi ya sauya.

Duk mai shirya baje koli zai iya wannan lissafi da biro. Litar fetur ɗaya tana fitar da kusan kilo 2.3 na kabon, ta dizal kusan kilo 2.7, buhun siminti kuma tsakanin kilo 30 da 45 tun daga masana'anta. Janareta mai shan lita ɗaya a awa, idan ya yi awa 6 kullum har kwana 10, lita 60 ke nan, kilo 138. A ƙara man motocin da suka yi jigila. A rubuta jimillar a allo a bakin ƙofa, kusa da sunan aikin.

TAMBAYA: Ƙungiyarmu ta matasa tana so ta nuna majigi a filin unguwa ba tare da janareta ba, 'yan kallo su riƙa tuƙa keke suna samar da wutar. Zai yiwu? Me za mu saya? Daga wani matashi, Katsina.

AMSA: Zai yiwu, ɗan'uwa, amma ku fara da lissafi kafin ku je kasuwa. Babban mutum mai lafiya, idan an cire abin da ke salwanta a taya da waya, wat 50 zuwa 60 zai riƙa bayarwa na ɗan lokaci ba tare da ya galabaita ba. Yaro rabin haka. Ƙaramin majigi na zamani yana cin wajen wat 70, lasifika 30, na'urar da ke ɗauke da fim 20, inbata kuma ta ci nata kason. Ku ɗauka wat 140. Keke uku za su ɗauka da ƙyar, don haka ku yi huɗu, a riƙa canjin matuƙa duk minti 10.

Kowane keke yana bukatar mazaunin ƙarfe da mai walda zai haɗa, ya ɗaga tayar baya ta daina taɓa ƙasa, da faɗin ƙafafu yadda ba zai kife ba. Sai ƙaramin injin lantarki mai maganaɗisu, na bolt 24 da wat 250, irin na keke mai batir. Idan aka juya shi daga waje, dinamo yake zama. A sa masa rola mai faɗin santimita 5 a bakinsa, ta danne tayar baya. Da wannan girman, tuƙi irin na mai tafiyar kilomita 15 a awa yana juya injin kusan sau 1,600 a minti, abin da ke ba da bolt 14 ko kusa. Taya ta zama mai santsi, a cika ta da iska sosai. Mai ƙuraje ƙara take yi har ta danne muryar fim, mai saɓa-saɓa kuma zamewa take yi tana zafi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne diyod, wato ɗan abin da ke barin wuta ta wuce gaba kawai, ba ta komo da baya ba. Dole kowane keke ya sami nasa, mai ɗaukar amfiya 20, a ɗaure shi a jikin ɗan farantin alminiyam don ya sha iska. Idan babu shi wuta za ta komo da baya, batir ya riƙa juya tayar da kansa, ko ƙaƙƙarfan matuƙi ya riƙa tuƙa keken na kusa da shi. Bayan diyod a sa fiyus na amfiya 15, a yi amfani da waya mai kaurin milimita 4, gajeriya. Siririyar waya tana zafi, kuma gumin mutane take ci. Duk wayoyin su haɗu a ƙaramin batir na bolt 12, irin na cikin na'urar riƙe wutar kwamfuta, daga nan zuwa inbata. Aikin batirin nan shi ne riƙe majigi daƙiƙun da ake canjin matuƙi. Ku sa mita babba inda kowa zai gani. Ƙasa da bolt 12, a ƙara ƙaimi. Sama da 14.5, a sassauta, ko a kunna ƙwan fitilar mota mai wat 55 ya shanye rarar, don kada batir ya kumbura. Kaca da rola kuma a rufe su, saboda bakin riga da gyale da yatsun yara.

Wata magana ta amana: kada ku ɓoye babban batir a ƙarƙashin tebur mutane suna gumi suna zaton su ke kunna fim. Idan tuƙi ya tsaya, ku bari hoton ya mutu. Wannan duhun shi ne darasin. Ku kuma faɗa musu gaskiyar girman abin: fim na awa 2 bai wuce abin da faifan sola ɗaya mai wat 100 zai tara a yini ba. Keke ba zai maye gurbin wuta ba, amma wanda ya tuƙa minti 10 aka ce masa dutsen guga na lantarki sai mutum 18 irinsa, cinyarsa ta riga ta fahimci lissafin.

TAMBAYA: Tun bayan ambaliyar da ta biyo fashewar madatsar Alau a Satumban 2024 nake tunanin mu ja layi a unguwa mu nuna inda ruwa ya kai, don yara su sani. An ce an taɓa yin irinsa a Amurka. Yaya ake yi? Daga wata malamar firamare, Maiduguri.

AMSA: Malama, Allah ya kiyaye gaba, ya jiƙan waɗanda aka rasa. Wadda aka ba ki labari ita ce Eve Mosher. A 2007 ta tura keken zuba alli irin na shata filin wasa, ta ja shuɗin layi na kusan kilomita 110 a gaɓar New York, daidai tsayin ƙafa 10 daga matakin teku, inda masana suka ce ambaliya za ta riƙa kaiwa. Mutane suna fitowa su tambaye ta me take yi, hirar nan kuma ita ce rabin aikin. A 2012 guguwar Sandy ta kai ruwa wurare da dama da layin ya bi. Sai dai ki lura, nata hasashe ne, naki shaida ce ta abin da ya faru. Kada a gauraya su. Idan ana son maganar gaba, a jingina ta da hasashen ambaliya da NIHSA, hukumar lura da ruwayen Najeriya, ke fitarwa kowace shekara.

Kayan aiki ba su da tsada. Tiyo mai haske irin wanda magina ke daidaita gini da shi, mita 10 zuwa 15, da alli, da farar ƙasa da aka dama da ɗan bula. A fara da shaida tabbatacciya: tabon laka a bangon masallaci ko makaranta, wanda aƙalla mutum uku da suka ga ruwan suka yarda da shi. A cika tiyo da ruwa, a fitar da kumfa kakaf. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a kan tabon, na biyu ya kai ɗaya bakin bango na gaba, a jira ruwa ya natsu, a yi alama. Kumfa guda ko lanƙwasa a tiyo tana iya kawo kuskuren yatsu da yawa, kuma kuskuren taruwa yake yi. Don haka a zagayo a dawo inda aka fara. Idan bambanci ya wuce santimita 5, a sake. Kuma ruwan ambaliya ba shimfiɗe yake kamar na randa ba, gangara yake yi, saboda haka duk bayan mita 200 a nemi sabuwar shaida maimakon a ja ta farko har ƙarshen unguwa.

Nauyin aikin yana wajen mutane. A fara da mai unguwa ko bulama, sannan mai kowane bango. Layi a jikin gida yana iya karya kuɗin haya ko farashinsa, kuma akwai wanda ganin layin zai tayar masa da mutuwar ɗansa kullum ya fito. Wanda ya ce a'a, a tsallake gidansa ba tare da gardama ba. Farar ƙasa muka ce, ba fenti ba, domin damina ta wanke ta, unguwa ta sake shawara ko tana so a maimaita. Mata su shiga gidaje su ji ta bakin mata, su ne suka san ta inda ruwa ya fara shigowa da abin da aka iya fitarwa. Yara kuma kada a sa su ba da labarin abin da suka gani a gaban taro, a ba su aikin riƙe tiyo da rubuta awo. Ranar da aka gama, layin ya ƙare a wani wuri mai amfani: kibiya mai nuna hanyar tudu mafi kusa, da jerin magudanan da suka toshe, a miƙa wa ƙaramar hukuma.

TAMBAYA: Da gaske ne ana haɗa balan-balan da tsohuwar leda ya tashi ba gas ba wuta? Mun gwada da ledar ruwa bai ko motsa ba. Daga wasu 'yan sakandare, Kano.

AMSA: Da gaske ne, samari. Tun 2007 Tomás Saraceno ɗan Ajantina da abokan aikinsa suke yin Museo Aero Solar, inda jama'a ke tara leda su wanke su liƙe, rana ta ɗaga shi. Naku ya ƙi ne saboda ledar ruwa ta yi kauri, kuma haske ratsa ta yake yi ya wuce.

Idan rana ta ɗumama iskar ciki ta fi ta waje da digiri 15, kowace mita ɗaya ta faɗi da tsawo da zurfi tana ɗaga giram 60 kacal. Siririyar baƙar ledar cefane tana da nauyin giram 10 zuwa 14 a murabba'in mita. Shi ya sa ƙarami ba ya tashi: fatarsa ta fi ƙarfin iskarsa. Ku tara wajen leda 350, ku wanke, ku shanya, ku yanke hannuwa ku buɗe su. Ku liƙa da siririn salatif, layi ɗaya, har ku sami shimfiɗa mai mita 9 da rabi a mita 8. Ku naɗe ta ta zama bututu mai faɗin mita 3, ku ɗaure baki ɗaya. Nauyinsa zai kai kilo ɗaya da rabi, ƙarfin ɗagawarsa ya haura biyu da rabi. Salatif mai faɗi shi ke cinye wannan rarar.

Ku fita da hantsi, tsakanin bakwai da tara, ranar da ganye ba ya motsi kuma babu hazo. Ku cika shi da fanka, ku ɗaure, ku jira minti 15. Igiya mita 30 tana hannu, ba a sakinsa. Ku nisanci wayoyin wuta da filin jirgi, ku sanar da mai unguwa da 'yan sanda tun jajibiri. Idan an gama a naɗe shi a adana, don ledar da aka bari a fili cikin tumbin akuya take ƙarewa.

A Janairun 2020 wani babban irinsa ya ɗaga mace matuƙiya, Leticia Marqués, a filin gishiri na Salinas Grandes a Ajantina, ɗauke da saƙon mazauna yankin cewa ruwa da rayuwa sun fi litiyam daraja. Litiyam ɗin nan shi ne cikin batirin wayoyinku da na sola, kuma ana haƙarsa a Nasarawa. Ku tambayi waɗanda suka tara muku leda me suke so a rubuta a jikin naku.

TAMBAYA: Wani kamfanin mai ya ce zai ɗauki nauyin baje kolinmu kan muhalli. Mu karɓa? Kuma dole ne mu biya mutanen ƙauyen da suka taya mu aiki? Daga wani mai zane, Kaduna.

AMSA: Malam, a Landan ƙungiyar Liberate Tate ta shafe shekara shida daga 2010 tana adawa da kuɗin kamfanin mai na BP a gidajen fasaha na Tate, har a 2012 suka ɗauko fiffiken injin samar da lantarki da iska, mai mita 16 da rabi, suka ajiye a zauren ɗaya daga cikin gidajen a matsayin kyauta. A 2016 aka sanar da ƙarshen tallafin na shekara 26, kamfanin ya ce yanayin kasuwa ne dalili. Mu ba za mu yanke maka hukunci ba, amma ka nemi abu uku a rubuce: ba za su tace abin da aikin ke faɗa ba, ba za su sa hotunan mahalarta a tallarsu ba, kuma za ka bayyana wa mahalarta daga ina kuɗin ya fito kafin su fara. Idan suka ƙi na farko, ka bar kuɗin.

Batun biya kuwa, masu wannan fasaha suna son kiranta gayya. A gayya mai gona yana ciyar da mutane, kuma ranar tasu yana zuwa da fartanyarsa. Idan kai kana da kuɗin aiki a kasafin, wanda ya bar gonarsa ko sana'arsa yini guda a biya shi abin da leburan garin ke samu a yini, da abinci da kuɗin mota. A rubuta sunan duk wanda ya yarda a allon baje koli. Hoto sai da izini, na yaro sai da na iyayensa, kuma a gaya wa mutum cewa hoton zai hau intanet. Idan akwai kayan da za su rage, faifan sola ko batir ko kekuna, a zauna da su tun kafin a fara a tsayar da wanda zai riƙe, da wanda zai sayi sabon batir idan na farko ya mutu bayan shekara biyu ko uku, da dillalin da za a mayar wa tsohon don kada yara su fasa shi su taɓa dalmar ciki.